Ganyen Taba a Gindin Ɓaure

Sydney, 6 ga Agusta, 1954

Zuwa ga Misis Myrtle Hannaford,
Merrin Crossing, Kogin Paterson.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da iyali, kuma sanyin bana bai matsa muku ba a can bakin kogi. Ni dai lafiya lau, in ban da gwiwar nan ta hagu da ke sanar da ni zuwan ruwa tun kafin gidan rediyo ya faɗa.

Ba ki san ni ba, amma jininmu ɗaya. Sunana Aubrey Ludlam. Kakana Reuben da kakarki Dorcas uwa ɗaya uba ɗaya suke, 'ya'yan Ephraim Ludlam, wanda ya sauka ƙasar nan a 1826, aka yanka masa fili a bakin Paterson, ya shiga cikin waɗanda suka fara noman taba a kwarin nan. An ce mini ke ce ke zaune a ɗan abin da ya rage na gonar.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina bin tarihinsa. Na samu jirgin da ya kawo shi, na samu takardar filin, har tallar da ya buga a jarida na samu, inda yake cewa yana da murɗaɗɗiyar taba ta sha, da kuma wadda ake jiƙawa a wanke tumaki masu ƙazwa. Ƙungiyarmu ta jikokin mazaunan farko za ta buga mini ɗan littafi a kansa baɗi. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, shi ne matarsa. A gidanmu dai ana cewa 'yar Sifaniya ce, kyakkyawa, mai baƙin gashi, shi ke nan. Ba suna, ba jirgi, ba ranar aure. Na bi sunayen fasinjojin shekara goma, jirgi bayan jirgi, har sai da na sake gilashi, ban ga mace ko ɗaya daga Sifaniya ba. Ni kuwa ba na rubuta abin da ban gani a takarda ba, abokan aikina ma tsokanata suke yi a kan haka.

Ko akwai tsohon Littafi Mai Tsarki a gidanki, irin wanda ake rubuta haihuwa da aure a bangonsa? Ko tsofaffin wasiƙu? Ko kin san inda kabarinta yake? Komai ƙanƙantar abu zai amfane ni.

Naki ɗan'uwa,
Aubrey Ludlam

Merrin Crossing, 29 ga Agusta, 1954

Mista Ludlam,

Na amsa gaisuwa. Muna lafiya, kaji ma lafiya. Gwiwa kuwa ka riƙa shafa mata kananzir, ka rage zaman kujera.

Takardarka ta iso, amma sai da rabin gari suka san da ita kafin ni. Ka turo ta cikin ambulan mai tambarin gwamnati, matar gidan waya kuwa ta ɗaga ta sama tana nuna wa masu sayen sukari, tana cewa, "Oho, Myrtle, yau kuma me kika yi wa hukuma?" Shekarata sittin da bakwai, hukuma ba ta taɓa rubuto mini ba sai ranar da mijina ya mutu a yaƙi. Ka ce kai ɗan'uwa ne. To, ɗan'uwan da ke aiki a wane ofishi? Wannan ka manta ba ka faɗa ba.

Littafin da kake tambaya ruwa ya tafi da shi a ambaliyar 1913. Wasiƙu babu, mutanenmu ba masu rubutu ba ne. Kabarin Ephraim yana harabar coci, sunansa kaɗai ke jikin dutsen, kana iya zuwa ka karanta ba sai ka biyo ta gidana ba. Matarsa 'yar Sifaniya ce. Haka aka gaya maka, haka aka gaya mini, ban ga abin da za a ƙara ba. Ka buga littafinka a kan taba da tumaki masu ƙazwa, ka bar matattu su huta.

M. Hannaford

Merrin Crossing, 29 ga Agusta, 1954

Clarrie ɗana,

Ina fata kana lafiya, kuma bayan nan naka bai tashi ba da sunkuyon askin tumaki. 'Ya'yanka lafiya ƙalau. Noreen ta zo ta biyu a ajinsu, Valda kuwa ta faɗo daga kan shinge ta tashi tana dariya, kan nan nata irin naka ne, ba ya jin bugu. Sun ce in gaya maka sun gaji da Queensland ɗin nan da ta cinye musu uba.

Yanzu ka nutsu ka ji. Wani mutum daga Sydney, wai jikan Reuben, ya rubuto yana tonon matar Ephraim, kuma cikin ambulan na gwamnati. Kai ka san babu wata 'yar Sifaniya a gidan nan. 'Yar kogin nan ce, cikin baƙaƙen mutanen da Ephraim ya tarar a wurin, tana kwance a gindin ɓauren nan na bakin ruwa saboda ba a yarda a sa ta a harabar coci ba. Tsofaffi ne suka ƙirƙiro Sifaniya don a bar mu mu zauna, muka kuwa zauna shekara ɗari.

Ka tuna abin da aka yi wa Lottie ta hayin kogi shekara biyu da suka wuce, ita da kowa ya san jinin mutanen kogin nan ce. Mota ta tsaya da hantsi, aka ce gidan bai dace ba, aka kwashe 'ya'yanta uku, har yau ba ta san garin da suke ba. Matar nan ta hukuma da ta yi wannan aiki, Mis Prowse, ita ce ta zo nan bayan rasuwar matarka Beryl, wai duba marayu. Na ba ta shayi ta ƙi sha. Ta kama hannun Valda tana juya shi tana kallon farcenta, ta ce, "Wannan ta fi yayarta shan rana." Na ce jinin Sifaniya ne. Ta rubuta wani abu ta tafi. Uwa ta mutu, uba yana nesa, kaka tsohuwa. Abu ɗaya ya rage mata, takardar da za ta ce jinin baƙaƙen 'yan asalin ƙasa ne, sai ta zo da mota. Ga shi yanzu wani ya tashi nemo mata takardar.

Kada ka baro aiki, in ka dawo hannu wofi shi ma abin rubutawa ne a wurinta. Ka ƙona wannan in ka gama karantawa.

Uwarka

Sydney, 11 ga Oktoba, 1954

'Yar'uwa Myrtle,

Bayan gaisuwa, na gode da maganin gwiwa. Na gwada, gwiwa tana nan yadda take, sai dai yanzu ba mai son zama kusa da ni a jirgin ƙasa.

A ofishin auna filaye nake, ina zana taswira, shekara talatin da huɗu. Ambulan ɗin tsofaffi ne na zamanin marigayi Sarki, za a zubar, ni kuwa ba na iya ganin ana ɓarnar takarda. Ki yi haƙuri da abin da ya jawo miki.

Amma zan gaya miki gaskiya, amsarki ta ba ni mamaki. Kin ce ruwa ya tafi da littafin a 1913. To, ga ni da ɗan rubutun da wani fasto ya yi a 1938, lokacin bikin cikar cocinku shekara ɗari, inda ya ce ya ga Littafi Mai Tsarki na Ephraim Ludlam a gidan Misis Hannaford, bangonsa na fatar maraƙi. Ko dai ruwan ne ya dawo da shi bayan shekara ashirin da biyar, ko kuma akwai abin da ba ki so in gani.

Ina jin na gane ko mene ne. Fursuna ce, ko ba haka ba? Cikin matan da aka turo daga Ingila da sarƙa. Gidaje da yawa sun yage shafi saboda wannan, na san wani alƙali da ya mayar da kakarsa 'yar fasto alhali agogo ta sata. Ba zan ce zai yi mini daɗi ba, don a ƙungiyarmu ana ɗan ɗaga hanci ga irin wannan. Amma in haka ne haka zan rubuta. Mu biyu tsofaffi ne, me ya rage da za mu ji wa tsoro?

Tun da ba ki taimaka ba, na sa cigiya a jaridar Maitland ta Asabar ɗin da ta wuce: duk wanda ya ji wani abu daga iyayensa game da matar Ephraim Ludlam, asalinta ko kamanninta ko inda aka binne ta, ya rubuto mini. Tsofaffin kwarin nan ba za su rasa abin faɗa ba.

Wata tambaya kuma. Mahaifina, duk watan Maris, yakan sayi ganyen taba guda, ya je ya ajiye a gindin wata bishiya a bayan gidanmu, ya tsaya ya cire hula. Shi ba ya shan taba. Na tambaye shi ina yaro, ya ce ubansa ma haka yake yi, kuma in na ƙara tambaya zan sha mari. Ko ku ma kuna yin haka a can?

Naki,
Aubrey

Merrin Crossing, 9 ga Disamba, 1954

Mista Ludlam,

Gaisuwa dai ga ta, don an koya mini. Lafiya kuwa ba mu da ita, kuma kai ne sanadi.

Sannu da aiki, malam mai taswira. Cigiyarka ta yi kyau. Tsohon nan Noakes, wanda shekara goma ba a ji ya faɗi abin kirki ba, yanzu yana zaune gaban kanti kullum yana ba da labarin abin da kakarsa ta ce. Matan da muke gasa kek tare domin coci tun muna 'yan mata sun fara yin shiru in na shigo. Ranar Laraba jikata Noreen ta dawo daga makaranta da rigarta a yage, ta ƙi gaya mini abin da aka kira ta, sai ƙanwarta ce ta faɗa.

Sannan ranar Juma'a sai ga Mis Prowse, da guntun jaridar a cikin jakarta, an yanke shi tsaf da almakashi. Ta buɗe mini tukwane, ta ɗaga katifa, ta shafa yatsa a kan taga. Ta ce, "Misis Hannaford, wannan ɗan'uwan naki na Sydney, in ya samu amsa ai za mu so mu gani." Za mu so. Kai da ita ke nan.

Kada ka raina mini hankali da zancen tsofaffin ambulan. Shekara sittin ba wanda ya neme mu daga zuriyar Reuben, ko katin Kirsimeti, sai yanzu da matar ɗana Beryl ta mutu ta bar mini yara biyu, sai ga ɗan'uwa ya tsiro daga ofishin gwamnati yana tambayar kamanni. Wa ke tambayar kamannin matar da ta mutu shekara ɗari in ba aiko shi aka yi ba? Ka faɗa mini a fili wanda ya sa ka, ya fi mini wannan sanɗar.

Littafin yana nan, na yi maka ƙarya, kuma zan ƙara in ta kama. Ba za ka gan shi ba. Zancen ganyen taba kuwa, ba ruwanka da abin da muke yi a watan Maris.

M. Hannaford

Sydney, 14 ga Janairu, 1955

Misis Hannaford,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki barka da sabuwar shekara, ko da yake ban ga alamar kina so ba.

Na karanta takardarki sau uku ban gane rabinta ba. Ban san wata Mis Prowse ba, ban taɓa jin sunanta ba, ba kuma wanda ya aiko ni. Me ya haɗa marayu da fursunar da ta mutu tun zamanin kakanni? A ina aka taɓa karɓe wa mutum jikoki don uwar kakar kakarsu ta saci agogo? Abin da aka yi wa yarinyar a makaranta ya dame ni ƙwarai, amma kin ɗora mini laifin da ya fi ƙarfina.

Tun da yau ranar zargi ce, ni ma ga nawa. Na fara tunanin ko tsoro kike yi kada zuriyar Reuben su ce suna da rabo a gonar. In haka ne ki kwantar da hankalinki, ni ko tumatir ban iya shukawa ba.

Wasiƙu biyu na samu daga cigiyar, dukansu ba sa hannu, dukansu maganar banza ce irin ta 'yan ƙauye, na jefa su a murhu. Ni takarda nake bi, ba tsegumi ba. An gaya mini tsofaffin rajistocin baftisma na kwarin, waɗanda kowa ke zaton sun ɓata, suna wani ɗakin ajiya na coci a Newcastle. Na ɗauki hutu, zan je farkon Fabrairu. Duk abin da na gani zan sanar da ke kafin kowa, wannan alkawari ne.

A. Ludlam

Merrin Crossing, 21 ga Maris, 1955

Aubrey,

Ban san ko kana da rai ba, amma ina gaishe ka. Mu dai mun tsira. Ka ji abin da ruwa ya yi wa Maitland, to mu ma ya taɓa mu. Ya shigo ɗakin girki har gwiwa, ya tafi da kaji goma sha ɗaya da rumfar shanya taba. 'Yan shukokin tabar da nake yi a bayan gida duk shekara, daga irin Ephraim da muke ajiyewa a gwangwani tun zamaninsa, duk sun kwanta cikin laka, ganye uku kacal na tsinta. Kwana huɗu muka yi a coci kan tudu ni da yaran.

Ka ce farkon Fabrairu. Ka ce ni za ka fara gaya wa. Yau mako shida ko bakwai, shiru. Da farko na ce ruwa ne ya tare hanyar wasiƙu. Amma wasiƙu sun dawo tun mako biyu, har takardar tallar injin ɗinki ta iso, taka ba ta zo ba. Kullum in je gidan waya matar nan ta girgiza mini kai tana murmushi. Mutumin da ya je ya ga ba komai ai da ya rubuto yana ƙorafi, na san halinka yanzu. Ka gani ke nan. Kuma tun da ba ni ka gaya wa ba, to wani ka gaya wa.

Mis Prowse ta zo ganin ɓarnar ruwa. Ta dubi bangon da ya jiƙe, ta ce gida mai danshi bai dace da yara ba. Ta ce za ta dawo ranar biyu ga Mayu, ita da ɗan sanda, kuma kafin nan za ta gama bincike a kan asalin gidan. Na rubuta wa ɗana Clarrie, uban yaran, amma inda yake wasiƙa takan yi wata guda.

Ba fursuna ba ce, Aubrey, wawan Allah. Ina ma fursuna ce. Da na sa ta a gilashi na rataye a falo.

Ban iya roƙo ba, ban saba ba, amma ga shi ina yi. In ka riga ka miƙa takardar, ka gaya mini, in ɗauki yaran in bi hanyar Queensland ko da a ƙafa. Ga hotonsu na sa maka, wanda aka ɗauka a bikin makaranta. Mai tsawon ita ce Noreen, shekararta tara, tana karanta duk abin da ta gani har rubutun jikin buhu. Ƙaramar mai giɓi ita ce Valda, shekara shida, har yanzu ba ta barci sai ta riƙe kunnena. Ka dube su da kyau, don ka san ko su wa ka rubuta.

Myrtle

Sydney, 18 ga Afrilu, 1955

Yaya Myrtle,

Ina gaishe ki da gaisuwar mai laifi. Na gode wa Allah da kuka tsira daga ruwan. Ni lafiyata ƙalau, ba ni da wannan uzurin.

Na gani, ranar takwas ga Fabrairu. Baftismar Reuben, 1833. Uba, Ephraim Ludlam, manomin taba. Uwa, “mace 'yar asalin ƙasa”, sai fili fari inda suna ya kamata ya zauna. Ta Dorcas ma haka. Ban gaya wa kowa ba, ko mutum ɗaya. Na mayar da rajistar ƙasan tarin da na ciro ta, na ce wa mai gadin ɗakin ban samu komai ba.

Kin cancanci sanin dalilin shiruna, ko da yake ba mai kyau ba ne. Kunya na ji. Na dawo gida na tsaya gaban madubi kamar yaro ina duba hancina. Na ji haushin mahaifina, na ji haushinki, na ji haushin matar da ba ta yi mini komai ba sai haifar kakana. Na daina zuwa taron ƙungiya don kada a gani a fuskata. Wata biyu ina jinyar girman kaina, ban tuna da ke ba, ban koma na karanta takardarki ta Disamba ba, wadda ta faɗi komai da a ce ina da kunne. Sai da hoton nan ya zo. Valda ai mahaifina ce sak, har yadda yake karkatar da kai in ana ɗaukarsa hoto. Na zauna na yi kuka a kan teburin ofis, na ce wa yaran ofis mura ce. Yanzu kunyar waccan kunyar nake ji, kuma cigiyar nan da na sa, ni na kai wuta gidanki da hannuna.

Ga littafin, jiya na karɓo daga maɗaba'a. Ki buɗe shafi na tara. Za ki ga Ephraim ya auri Isabel Carrasco, 'yar wani matuƙin jirgi daga Kadis ta Sifaniya, a 1831. Na ba ta uba, na ba ta jirgi, sannan na nutsar da jirgin a teku da duk takardunsa don kada wani mai naci irina ya tashi nema. Babu kalma ɗaya ta gaskiya a shafin. Shekara goma sha ɗaya ban rubuta ko kwanan wata ba sai na gan shi sau biyu, ga shi na ƙirƙiro mace sukutum, 'yan ƙungiya har tafi suka yi mini.

Tare da shi akwai wasiƙa zuwa ga duk wanda abin ya shafa, a kan takardar ofis, da sa hannuna da muƙamina, tana cewa na binciki asalin gidan Ludlam shekara goma sha ɗaya kuma abin da ke cikin littafin shi na samu. Na sa ta cikin ambulan mai tambari, da gangan wannan karon. Ki bar matar gidan waya ta ɗaga shi sama yadda take so. In aka gano, aikina ya tafi, saura wata takwas in yi ritaya. Na auna, na ga bai kai kunnen da Valda ke riƙewa ba.

Abu ɗaya ke ci mini rai. Fasto ya bar mata fili fari, ni kuma na zo na rubuta sunan wata a kai. Sau biyu ke nan ana binne ta, na biyun da hannun tattaɓa-kunnenta. Har yau ban san sunanta ba, kuma na san ban cancanci tambaya ba.

Ƙaninki,
Aubrey

Merrin Crossing, 5 ga Mayu, 1955

Aubrey ƙanena,

Gaisuwa da yawa, daga ni da yara. Muna lafiya. Dukanmu uku muna nan, a gida ɗaya. Na fara da wannan don na san ba za ka iya jira ba.

Mis Prowse ta zo ranar Litinin kamar yadda ta ce, ɗan sandan ya tsaya a mota yana fifita da hula. Na ajiye littafin a tsakiyar tebur, ambulan ɗin a kansa, tambari yana sama. Ta karanta wasiƙar, ta karanta shafi na tara, ta koma ta karanta wasiƙar. Ta ce, "Kadis! Ai ƙanwar mahaifiyata ta taɓa zuwa can. Shi ya sa idon yarinyar nan, tun farko na ce akwai wani abu na daban." Ta shafa kan Valda. Na zuba mata shayi, ta sha, Aubrey, har kofi biyu, da kek. Bangon nan mai danshi kuwa ta ce rana za ta busar da shi. Yarinya ɗaya, fata ɗaya, bango ɗaya. Na tsaya ina yi mata murmushi har kumatuna suka yi ciwo, sai da motar ta tafi na daina.

Da yamma na haye wurin Lottie da sauran kek ɗin. Ban iya gaya mata yadda muka tsira ba. Ita ba ta da ɗan'uwa mai ambulan. Muka zauna muna kallon ruwa, ta tambaye ni lafiyar yara, na ce lafiya, ta ce madalla.

Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, kai ma ka yi abin da ban zarge ka da shi ba, sai mu bar shi a haka. Amma ƙaryarka ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba, ashe gwanin ne kake ɓoyewa. Littafin Ephraim kuwa da na hana ka, ba komai a cikinsa, shi ma fili ya bari. Na ɓoye shi ne don filin kansa yana magana.

Ka tambaye ni zancen ganye. E, muna yi. Duk Maris, ganyen farko da aka yanka nata ne, a gindin ɓauren bakin ruwa inda take kwance. Ita ce ke shanya wa Ephraim taba, ita ke murɗa ta, kakata Dorcas ta ce hannunta ba ya rabuwa da ƙamshin. Bana ma na kai mata ukun nan da na tsinta a laka. Ashe Reuben bai manta uwarsa ba, ya tafi da ita har Sydney ba tare da ya iya faɗa ba. Wannan ya sa na yafe wa zuriyarku katin Kirsimeti na shekara sittin.

Sunanta bai ɓata ba. Dorcas ta raɗa mini shi a kunne a gindin ɓauren ina da shekara goma sha biyu, kamar yadda ta raɗa wa mahaifiyata. Ba a taɓa rubuta shi ba, shi ya sa ba wanda ya iya ƙwace shi. Noreen za ta ji in ta kai sha biyu, Valda ma haka. Ba a taɓa gaya wa namiji ba, ko Clarrie bai sani ba, amma na yi shawara da kaina na ga tsohon da ya nutsar da jirgi saboda jikokina ana iya ɗaga masa ƙafa.

Ga iri kaɗan a cikin takarda, ka shuka a tukunya in zafi ya fara, ko da yake na san za ka kashe shi. Maris mai zuwa ka hau jirgin ƙasa na safe, ka sauka a Paterson, mai motar madara zai kawo ka har ƙofa. Za mu gangara bakin ruwa, ka ajiye ganyenka da hannunka, ka cire hula, in gaya maka a kunne. Ka zo da takalmin laka da man gwiwarka. Alƙalamin nan naka kuwa ka bar shi a Sydney.

Yayarka,
Myrtle